Buhun Gero a Mazaunin Salwa

"Umma, in mutum ya faɗo daga dutsen ƙanƙara ya mutu, a can ake binne shi, ko sai an dawo da shi Makka?"

Mujahida tana tsugune gaban injin markaɗenta tana zuba jiƙaƙƙen geron kunu, sai hannunta ya tsaya cak. Ta kashe injin. Ta juyo ta dubi 'yarta Salwa, mai shekara biyar, wadda ke zaune kan dakali tana lasar cokali kamar ba ita ta yi maganar ba.

"Wa ya ce miki wani zai faɗo?"

"Ba kowa. Abba ne ya ce zai ɗora ni a gabansa mu hau dutse. Ya ce sirri ne, kada in faɗa miki." Ta ɗan yi tunani. "Ai ban faɗa ba, tambaya na yi."

Abban nata, Nasrullahi, yana daga ƙofar ɗaki da loma a hannu. Lomar ba ta kai baki ba.

Nasrullahi makanike ne a wata warsha, wato garejin gyara, da ke unguwar Rusaifa a Makka, gwanin gyaran dabbab, baburan nan masu ƙafa huɗu da samari ke tsere da su a rairayi. Mai warshar, Taha, mutum ne mai son abin da ba kowa ke da shi ba. Shi ya yo odar wani tsohon babur na ƙasashen sanyi, wanda ba shi da taya ko ɗaya: silalo biyu a gaba, wato dogayen faranti masu zamewa, a ƙarƙashinsa kuma janzir, wato faffaɗar roba mai tsini-tsini da ke zagayawa tana tura shi. Niyyarsa in hunturu ya kama, ƙanƙara ta sauka a duwatsun Tabuk, ya ɗora shi a mota su tafi. Mujahida ta san da tafiyar, har ta sayo wa Salwa rigar sanyi ruwan hoda a kasuwar Mansur. Abin da ba ta sani ba shi ne an riga an raba kujeru.

"Abu Salwa," in ji ta, "da gaske ne?"

"Ke dai kin cika tsoro. Zagaye ɗaya ne, tana tsakanin hannayena."

"A kan abin da ba ka taɓa hawa ba. A kan ƙanƙarar da ba ka taɓa takawa ba."

"Inji dai inji ne, Ummu Salwa. Shekarata goma sha biyu da sifana a hannu."

Ta sake kunna injin. Ta gama markaɗe, ta dama kunu, ta sallami masu saye. Washegari da hantsi ta zura abaya, ta kama hannun Salwa, sai warsha.

Abin yana tsakiyar rumfar, baƙi da rawaya, dogo kamar makara. Bayansa ya zarce gangar jikin da kusan kamu biyu. Mujahida ta zagaye shi sau ɗaya.

"Haka ya zo da wannan wutsiyar?"

"Mu muka ƙara," in ji Taha, yana murmushin mai sabon abu. "Janzir na asali gajere ne, na fili. Na dutse sai dogo, don kada ya nutse. Mu'allim Nasrullahi ne ya ɗaura shi da hannunsa."

Nasrullahi, da ya ga ta zo har wurin aikinsa, sai ya so ya burge ta. Ya buɗe wani murfi a gefen injin ya nuna mata. A ciki akwai giya biyu masu haƙora, ƙarama a sama, babba a ƙasa, sarƙa ta haɗa su.

"Kin ga ta saman nan? Da can haƙoranta ashirin da uku. Dogon janzir yana cinye gudu, shi ya sa na rama, na sa mai ashirin da biyar. Haka nake yi wa yaran tsere, su tashi kamar iska."

"Ka ƙara masa nauyin ja, kuma ka ƙara girman ta sama?"

"Sosai."

"Wannan fa?" Ta nuna wata ƙaramar giya a cikin kwali, ko ledarta ba a ɓare ba.

"Tare da janzir ɗin aka turo ta. Goma sha tara. Ta tsofaffi ce, masu tafiyar kunkuru."

Taha ya yi dariya. Mujahida ba ta yi ba. Hankalinta ya koma Nakkasa, gidan mahaifiyarta kafin a rushe unguwar. Shekarar da tsohuwar ta sa wa injin markaɗe manyan faifai na niƙa don ta riƙa gama aiki da wuri, bel uku ya ƙone a mako guda. Injin sai ya yi ta kuka, roba na wari, faifai sun tsaya. Sai da wani dattijo Bazabarme ya cire fuli, wato 'yar tayar da bel ke hawa a jikin injin, ya sa ƙarami. Juyawa ta ragu, amma ko dutse aka zuba sai ya zama gari. Ta ba su labarin nan kaf, a tsaye, hannunta a kan kafaɗar Salwa.

"Ya mu'allim," in ji Taha, "an turo maka injiniya daga ma'aikatar kunu."

"Markaɗe daban, babur daban," in ji Nasrullahi, kunya ta ɗan kama shi.

"Akwai bel a cikinsa?"

"Akwai."

"To ba daban ba ne."

Mujahida ta dubi Nasrullahi. Ta san mijinta. In ta ce a'a ƙememe a gaban ubangidansa, gobe a Tabuk za ta juya baya ɗauko shayi, ta waiwayo ta hango rigar ruwan hoda a tsakiyar dutse. Don haka sai ta sassauta murya.

"Yaushe za ku gwada shi?"

"Juma'a bayan la'asar, a tudun rairayi na hanyar Jidda. Hawa ɗaya kawai, kafin ya yi zafi."

"To na yarda da abu guda. Ka hau da nauyinta tukuna. In nauyinta ya je ya dawo lafiya, sai mu yi magana."

Ranar Juma'a da safe ta ɗora Salwa kan sikelin da take auna tsaba. Kilo goma sha takwas. Ta auna gero daidai haka, ta zuba a buhu, ta ɗinke bakin. Salwa kuwa wasa ya samu. Ta ɗauko rigar sanyinta ta sa wa buhun, ta ja zif har sama, ta ce sunanta Salwa Ta Biyu, kuma ba ta jin Hausa sai Larabci.

Tudun da suka zaɓa yana da tsayi, gangarensa a tsaye kamar bangon gida. Can gefe samari na ta shawagi da dabbab, da suka ga abin da aka sauke daga mota sai suka taru da wayoyinsu. Nasrullahi ya ɗaure buhun a gabansa da igiyar roba, daidai inda ya ce zai zaunar da 'yarsa. Ya ɗaga wa Mujahida gira.

"Ki yi sallama da geronki."

A filin ƙasa abin ya yi kyau. Babur ya yi ƙara ya cilla, rairayi na tashi a bayansa, samari na ihu. Ya doshi tudun da gudu, ya ci kashi ɗaya cikin uku, ya ci rabi. Daga nan Mujahida ta ji sautin ya canja. Ta san kukan nan tun tana yarinya: inji na tsala ihu, abin da yake ja kuma yana mutuwa. Iska ta kawo mata warin roba.

"Bel," ta ce, can ƙasan maƙoshi. Ba wanda ya ji.

Wani abu ya yi tau kamar an fasa leda. Babur ya tsaya a tsakiyar gangare, hancinsa sama. Na ɗan lokaci ya zauna haka, kamar yana shawara. Sai ya fara zamewa da baya. Dogon bayan ya kafe a rairayi, gaban ya karkace, Nasrullahi ya yi tsalle ya faɗa gefe, abin ya kifa. Ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa, ya zo ya kwanta a gindin tudu, silalon suna kallon sama.

Samarin suka sauke wayoyi. Nasrullahi ya miƙe daga sama yana ɗingishi, gwiwar hannunsa a saɓule, ya gangaro. Shi da Taha da wasu biyu suka ɗaga babur ɗin.

Buhun yana ƙarƙashi. Igiyar ba ta sake shi ba, ta riƙe shi da aminci har ƙasa. Kan sitiyarin ya shige tsakiyar rigar ruwan hoda, ya ɓarke ta daga wuya zuwa ciki, gero na tsiyaya ta wurin zif yana haɗuwa da rairayi. Hannun rigar ɗaya ya lanƙwashe ta baya.

Mujahida ta durƙushe a inda take, ta jawo Salwa ta danna fuskarta a ƙirjinta, tana shafa kanta, tana shafa haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga su. Bakinta na motsi da innalillahi, amma sauti bai fita ba. Ita da ta kawo shawarar buhun, ita ce ta fi kowa kaɗuwa, don har ga Allah ta zaci babur ɗin zai tsaya ne kawai, a yi dariya, a koma gida.

Salwa ta zame kanta ta leƙa.

"Abba, ka kashe Salwa Ta Biyu."

Nasrullahi ya zauna daɓas a kan rairayi. Ya ɗauki rigar, gero na zuba ta hannayenta, ya riƙe ta a cinyarsa ya ƙura mata ido. Taha ya cire shimagin da ya lulluɓe kansa da shi ya goge fuska, ya mayar, ya sake cirewa.

Suka kamo hanyar gida a mota har suka wuce shingen shiga Makka. Sai da suka kusa Mansur Nasrullahi ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Dattijon nan na Nakkasa. Ƙarami kika ce ya sa a jikin injin?"

"Ƙarami."

Ranar Asabar ya ɓare ledar mai haƙora goma sha tara, ya ɗaura ta, ya sa sabon bel, ya miƙar da sitiyarin da ya lanƙwashe. Juma'ar da ta zagayo suka koma tudun. A fili babur ɗin ya zama rago, har samarin suna yi masa ba'a. Amma da ya kama gangare sai ya riƙe murya ɗaya, bai yi ihu ba, bai yi wari ba, ya yi ta hawa a natse har ya tsaya a ƙoli. Da ya sauko, Nasrullahi ya buɗe murfi ya ɗora tafin hannunsa a kan bel, ya bar shi a wurin.

"Ɗumi kawai," in ji shi.

"Khalas, shi ke nan," in ji Taha, yana tafi. "Injiniya ta ci. Yanzu kam amarya Salwa za ta hau a Tabuk."

Mujahida ta buɗe baki, amma mijinta ya riga ta.

"Ba za ta hau ba."

"Ai ya gyaru, ya mu'allim."

"Ya gyaru a rairayi. Ƙanƙara ban santa ba, ita ma ba ta san ni ba. Wancan karon ma cewa na yi ya gyaru."

Da hunturu ya yi suka tafi. Mujahida ta ɗinke rigar da zare ruwan hoda, ɗinkin ya fito ɓaro-ɓaro daga wuya zuwa ciki, kuma ta ƙi sayen wata. Salwa ta taka ƙanƙara da ƙafafunta, ta ɗanɗana, ta ce ba sukari, ta yi kuka da yatsunta suka daskare. Duk lokacin da uban ya wuce a kan babur can nesa, idonsa kan sauka a kan ɗinkin nan kafin ya sauka a fuskarta.

Kai da kake karanta wannan, in ka ƙara wa abin hawanka tsawon janzir don hawan dutse, ka rage giyar sama, kada son gudu ya ruɗe ka, ka kuma taɓa bel bayan kowane hawa. Ke kuma 'yar'uwata, duk ranar da aka ce miki "zagaye ɗaya ne, tana tsakanin hannayena," ki auno gero. Kada ki yarda ɗanki ya zama abin gwaji, ko da hannun ubansa ne ya ɗaura injin.