Kunkurun Sa'adiya

Kai ka kashe shi, Jibo. Daina tona ƙasa da sanda, da kai nake.

Kunkurun nan na 'yata Sa'adiya ne. Tana 'yar mitsitsiya ta tsinto shi a bakin rafi a Kurfi, a tafin hannunta yake cin rama. Shekarar da sanƙarau ya ɗauke ta, a cikin ƙwarya na ɗauko shi zuwa Dutsin-Ma. Duk duniya shi kaɗai ya rage mini wanda ya san hannunta.

Da daminar bana ya daina ci. Idanu suka faɗa, in ka ɗaga shi sakayau kamar busasshen duma. Sai na ga wasu farare kamar zare suna motsi a kashinsa. Na kwasa a tsingaro na kawo maka, tunda kai ke duba shanun unguwa.

Dariya ka yi.

"Haba Inna, da gemuna zan tsuguna kan kashin kunkuru? Sanyi ne irin na maruƙa. Lalas za a yi masa."

Na ce, "Ɗan nan, duba dai. Tsutsa ce."

Ka ce, "A cikin wannan ƙoƙon dutsen? Ta wace ƙofa ta shiga?"

Ka sa ƙarfe a wuta, ya yi ja, ka ɗora masa a baya kamar ka sami maraƙi. Kunkuru ba ya kuka, Jibo. Wuya kawai ya miƙo, ya buɗe baki yana kallona. Kafin kasuwa ta zagayo ya mutu, tsutsotsin suna fita daga jikinsa.

Ran kasuwa na tare malamin dabbobi da tsingarona. Kallo ɗaya ya yi ya ce tsutsar ciki ce, kuma da an kawo shi da rai akwai abin da za a gwada.

Mai unguwa ya ce in yi haƙuri, wai kunkuru ne fa. Shi ma na ji shi. Matarka Kyauta ta aiko mini da nono don ban haƙuri, na mayar.

Ba na son a biya ni da akuya, ba na son wani kunkurun. Tashi mu koma ƙofar mai unguwa yanzu, ka faɗa da bakinka gaban mutane abin da ya hana ka dubawa.