Uwar Garken Margilan Ta Ƙi Baƙo

Muzaffar yana kwance rigingine a ƙarƙashin tebur, da wayar rauta, na'urar raba layin intanet, a haƙoransa, lokacin da Ilhom ya sake karanto saƙon.

"Ya ce har yanzu bai shiga ba, Muzaffar aka. Wai sai ta yi ta juyi, ta ce babu amsa." Aka shi ne yaya a bakin mutanen nan.

"Zai shiga," in ji Muzaffar ta gefen baki. "Ce masa ya ɗan jira."

"Ni na zama masinjanku ke nan? Ga lambarsa, faɗa masa da bakinka mana."

Muzaffar ya ci gaba da aikinsa. Rabonsa da magana da ƙanensa Jawlan tun ranar da aka binne mahaifinsu. Jawlan yana Koriya, a wata masana'antar roba, takardunsa sun ƙare, in ya fito babu komawa. Bai zo jana'iza ba. Muzaffar ya kira shi daga bakin maƙabarta ya faɗa masa maganganu masu nauyi, tun daga nan shiru. Sai shekaranjiya saƙo ya zo ta hannun Ilhom direban tasi, abokin Jawlan tun suna aji ɗaya: in tsohuwar uwar garke tana da rai, zai shigo wasa ranar Lahadi, zagaye ɗaya. Ko gaisuwa babu a ciki. Muzaffar ya san halin ƙanensa. In ya zo yau ya tarar da hanya a rufe, zai ce da gangan ne, kuma ba zai ƙara zuwa ba.

Saboda haka ya rufe shagonsa na wasan kwamfuta tun azahar, ya sallami kowa.

Uwar garken tana kusurwa, kwamfuta ce tsohuwa wadda wasan ke zaune a cikinta, na kusa da na nesa su haɗu a can su yi ta harbin juna. Mahaifiyarsu ta ɗinka mata mayafi mai furanni irin na talabijin, ta rataya mata busasshen barkono don kambun baka. A saman bene kuwa masu rinin siliki ne, shi ya sa ruwan lambatun ƙofar shagon yau ja ne, gobe kore, wani lokacin ma kala biyu suna tafe tare ba su gauraya ba.

Muzaffar ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya zauna gaban allo.

"Abu uku ne kacal," ya ce. "Ko rauta ba ta tura baƙo ɗakin da ya dace, ko ƙofar wasan a rufe take, ko kamfanin layi ne ya toshe daga sama. Babu na huɗu."

"To, likita."

Ya fara da rauta. Adireshin uwar garken na cikin gida bai sauya ba, duk da wutar da aka ɗauke jiya. Ƙofa mai lamba 27015 tana nuna wurin da ya kamata. Ya duba katangar tsaro, mai gadin nan da ke tantance wanda zai wuce: ƙofar a buɗe take ga saƙonni iri biyun da wasan ke buƙata.

"Kashe layin shago a wayarka, ka taɓo mu ta naka layin," ya ce.

Ilhom ya yi da hannu ɗaya, don a hannun rigarsa na hagu akwai salwa, 'yar tsuntsuwar da ake haɗa faɗa da ita. Ko'ina da ita yake zuwa, har bakin sitiyari, kanta kawai ke leƙowa tana kallon duniya da ido ɗaya. Wai ɗumin mutum ne ke sa ta jarumta ranar faɗa.

"Ta amsa," ya ce.

Muzaffar ya kira wani abokin sana'arsa a Samarkand, ya roƙe shi ya gwada. Kafin shayin da Ilhom ya zuba ya huce, sunan mutumin ya fito a allo, ya yi tsalle-tsalle a filin wasan ya fita.

"Ka gani? Daga Samarkand fa. Hanya lafiya lau take. Matsalar daga wajensa ce."

Wayar Ilhom ta yi ƙara. Ya karanta, ya shafa kan salwa.

"Karanto."

"Ya ce, a faɗa wa yayana ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce ya gane."

"Me ya gane?"

"Oho. Ya ce zai je ya wanke kayan aikinsa, can rana ta kusa faɗuwa."

Muzaffar ya ajiye kofin shayin bai kurɓa ba.

"Ce masa ya danna sau ɗaya tak. Yanzun nan, ina kallo."

"In ya ƙi fa?"

"Ce masa in ya ƙi, tsoron kaye yake ji."

Ilhom ya tuntsire da dariya har salwar ta yi ƙara. "Wallahi ku biyun nan jaki ɗaya ya harbe ku." Amma ya rubuta.

Muzaffar ya buɗe tagar da ke nuna duk wanda ya taɓa katangar, ya zuba ido. Shiru. Daga sama ana jin bugun sandar masu rini. Sai ga layi ya faɗo: wani adireshi baƙo, lambobinsa ba irin na ƙasar nan ba, ya zo daidai ƙofar wasan. A gefensa kalma ɗaya: an jefar. Wani layin ya biyo, shi ma an jefar.

Ashe yana isowa. Tun daga Koriya yake ratso teku da duwatsu, ya zo har kusurwar shagon nan, ƙarƙashin mayafi mai furanni, sannan a juya shi.

Muzaffar ya jingina da kujera. Na huɗun da ya ce babu, ga shi nan, kuma ya san shi sarai. A shekarun baya layin cikin ƙasa kyauta ne kamar ruwan rafi, na waje kuwa da awo ake sayarwa. Duk mai shagon wasa a yankin nan sai da ya umarci katangarsa: adireshin gida ya wuce, na waje a jefar ba tare da amsa ba. Zamanin ya wuce, awon ya wuce, dokar ta zauna a wurinta tana aikinta, babu wanda ya tuna, don babu ɗan shagon da ya taɓa ƙwanƙwasawa daga waje.

Ya duba saman jerin dokokin katangar ya same ta, a gaban dokar buɗe ƙofar, shi ya sa take riga ta magana.

Ilhom ya leƙo. "Kai! Wannan ba aikin Jawlan ba ne? Na tuna! Ranar da ya gama ya hau kan kujera yana cewa ko aljanin waje ba zai shigo mana ba." Ya ɗaga waya yana murna. "Bari in faɗa masa. Shi ya kulle kansa, yana can yana zarginka!"

Muzaffar ya riƙe masa hannu.

Gaskiya ce, kuma da ta wanke shi tas. Tun suna yara shi ke cin gardama. A bakin maƙabarta ma shi ya ci.

"Ce masa waya ce ta saki. Na gyara."

"Aka, ƙarya ce fa."

"Kai rubuta."

Ya yi tunanin buɗe wa adireshin Jawlan kaɗai, amma na ɗakin kwanan ma'aikata ne, gobe zai sauya. Ya goge dokar gaba ɗaya, ya bar sauran ƙofofin a rufe yadda suke, ya sake tayar da katangar.

"Yanzu 'yan magudin duniya za su cika maka gida," in ji Ilhom.

"Su zo. Ina da maganinsu."

Ya sa abin ji a kunne, ya shiga filin, ya tsaya a fili tsakiyar hanya, bindiga a ƙasa. Sunan Jawlan ya fito a gefen allo, a rundunar abokan gaba. Can sai ga mutum ya ɓullo daga lungu, yana tafe yana ɗan tsayawa saboda nisan layi. Ya zo gab da shi, bai harba ba. Rubutu ya fito a ƙasa.

"Aka. Dokar nan tawa ce, ko?"

Ilhom ya toshe baki da hannun da babu salwa.

Muzaffar ya ɗora yatsu a kan madannai, ya rubuta a hankali, da yatsa biyu.

"Wace doka? Ɗaga bindigarka."