Kukan Habsu

Kwana uku ke nan Sahura na zaune a tashar Bukkuyum da ɗiyarta Habsu a cinya. Asibitin Anka za ta kai ta saboda gubar dalma, amma direbobi sun ce hanya ba kyau, ba mai ɗaga mota.

Tun da ta baro Tungar Guru, kullum sai ta rubuta abin godiya guda da ajami a bayan katin asibiti, kamar yadda innarta ta hore ta. Ranar farko, inuwar darbejiya. Ta biyu, furar da wata Bafulatana ta ba ta. Yau kuwa har la'asar tana juya biro. Gaba ba hanya, baya ba hali, yarinyar kuma tun da ta yi jijjiga makon jiya ba ta ƙara ko tari ba, sai ido.

Can sai Habsu ta tsala ihu, har ɗan kamasho ya zabura.

Ya ce, "Baiwar Allah, lallashe ta mana!"

Sahura ba ta lallashe ta ba. Sai ta rubuta: "Alhamdu lillahi, yau Habsu ta yi kuka."