Ruwan da Aka Kai Yelwa

Shekara tara Marka ta yi tana renon dashen tarugu da tattasai a bayan gidansu da ke Wara. Da zarar damina ta ɗauke sai ta zuba iri a fangali, ta yi masa rumfar ciyawa, bayan mako shida manoman rani na bakin tafki su zo su cira su kai gonakinsu. Bana mutum bakwai ne suka ce da ita suka dogara, ba za su nemi dashe a wani wuri ba.

Sai rijiya ta ɓata mata lissafi. Tsohuwar ta rufta a tsakiyar damina, sabuwar da aka haƙa kuwa ruwanta zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa da shi, wake ba ya dahuwa. Dashen ya fito lafiya, amma a mako na biyu bakin ganyen ya fara ƙonewa, wani farin abu kamar kanwa ya kwanta a kan ƙasar. Gidan yana kan tudu, nesa da tafki, babu mai iya ɗebo ruwan fangali goma sha biyu safe da yamma.

Malamin gona ya duba, ya ce gishiri ne ya yi yawa. Ya ce ta je Yelwa shagon wani Jamilu mai sayar da injin tace ruwa, amma ta tafi da ruwan rijiyar a gora, a auna kafin ta zaɓa. Ta cika gorar roba da yamma, ta ajiye a bakin ƙofa. Da safe ta ɗauka ta shiga mota.

Jamilu mutum ne mai yawan bayani, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya nuna mata iri biyu. Na farko tulu ne dogo mai abin tacewa a ciki, yana tsare laka da ƙazanta kawai. Na biyu shi ne wanda suke kira Ar-O, mai famfo da ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, har gishiri ya kasa wucewa.

"Shi nake so," in ji Marka.

"Dakata, Madam. Mu ga ruwan tukun."

Ya tsiyaya a kofi, ya tsoma wani abin awo mai kama da biro. Ya duba lambar, ya girgiza abin, ya sake tsomawa.

"Wannan ne ruwan rijiyar taki?"

"Da hannuna na ɗebo shi."

"To wallahi ya fi wanda nake sha a gidana. Babu gishiri a nan. In na sayar miki da Ar-O na cuce ki. Ƙila laka ce ke damunki, ko kin cika taki."

"Malam Jamilu, shekarata tara ina wannan aiki. Ka ce ban san taki ba?"

"Ni dai abin awo ba ya ƙarya."

Gaskiya ya faɗa. Laifin Marka shi ne, kofin yana gabanta, ba ta kai shi baki ba. Ta ga lamba a jikin na'ura, sai ta ajiye hankalinta gefe. Mutane da yawa haka suke yanzu. Ta sayi tulun mai tsare laka ta koma gida.

Kwana goma tana tace ruwa tana ban ruwa. Ta daina sa taki. Ta ƙara rumfa. Ta canja lokacin ban ruwa. Dashen ya ci gaba da ƙonewa fangali bayan fangali, ita kuma tana zagin Jamilu a zuciyarta, tana zagin malamin gona, har mai haƙan rijiya bai tsira ba. Bashiru, ɗaya daga cikin manoman, ya zo ya tsaya a kan fangalin, ya ce ya riga ya yi huɗa, ƙasa ba za ta jira shi ba.

A rana ta goma sha ɗaya tana tsugune tana tuge matattun, mahaifiyarta ta fito da kujerarta ta zauna a inuwa. Tsohuwa ce mai tsafta har ta wuce misali, tana da wata randa a ɗakinta da take tara ruwan sama, ba ta buɗe ta sai an yi baƙo.

"Mutanen Yelwa ba su san aikinsu ba," in ji tsohuwar. "Ruwa mai kyau haka aka kai musu, suka kasa ba ki abin kirki."

Marka ta ɗago kai. "Wane ruwa mai kyau, Inna?"

"Wanda na zuba miki mana."

"Kika zuba mini?"

"To mi? In bar ki ki ratsa gari da wancan ruwa mai ɗaci, ki ajiye gaban baƙon namiji, ya ce abin da muke sha ke nan a gidanga? Na zubar da shi, na wanke gorar da toka, na cika miki da na randata. Ko godiya ba ki yi ba."

Marka ta miƙe da mataccen dashe a hannu. Da wani ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba, amma uwa ce.

"Inna, ba sha zai yi ba. Aunawa zai yi! In kika je asibiti, jinin wani kike kai wa likita don naki ba shi da kyau?"

"Kada ki ɗaga mini murya. Ni dai ban bari an raina gidanmu ba."

Irin wannan kare mutunci ya kashe abubuwa da yawa a ƙasar nan. A ɓoye ciwo ga mai magani don kada a ji kunya, sannan a zauna ana mamakin abin da ya hana warkewa.

Washegari Marka ta ɗebi ruwan da safe, ta ɗanɗana, ta riƙe gorar a cinyarta har Yelwa. Jamilu ya tsoma abin awonsa, ya ware ido.

"Madam, wannan ai miya ce, saura kuka."

"Kada ka tambaye ni komai. Ba ni Ar-O ɗin."

"Wanne? Ƙaramin na ɗakin girki ne, yini guda ba zai cika miki bokiti takwas ba. Babban kuma zai shanye rijiyarki kafin azahar. Kin san a kowane bokiti ɗaya mai kyau, sai ya zubar da biyu ko uku masu gishirin? Duro nawa rijiyar ke bayarwa a rana?"

Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta faɗa masa abin da rijiyar ke bayarwa da abin da fangali ɗaya ke sha. Suka tsaya a kan matsakaici mai aiki da sola. Ya karɓi tulun farko ya ce a haɗa shi a gaba, ya riƙa tsare laka kada fatar ta toshe. Ya gargaɗe ta cewa ruwan zai fito fayau babu komai a ciki, sai ta dawo da sa taki kaɗan-kaɗan, kuma ruwan da injin ya zubar kada ya kusanci shuka ko bakin rijiya.

Aka haɗa injin bayan kwana biyu. Ta yi ta kwarara wa fangalin ruwa mai kyau don ya wanke gishirin ƙasa. Huɗu suka farfaɗo, takwas sun riga sun tafi. Manoma biyar suka nemi dashe a Ngaski, kuma ba ta ga laifinsu ba. Bashiru da wani guda suka raba abin da ya rage.

Ranar da suka zo cira, tsohuwar ta tsaya tana kallon tiyon da ke zubar da ruwan gishiri a kwata.

"Ke, ruwa ne fa kike zubarwa. Bari in tara, ko 'yan itatuwan nan a ba su."

Marka ta ja tiyon ta ɗora a kan katanga, ta jefa bakinsa waje, ta ɗaure da waya a inda hannun tsohuwar ba zai kai ba. Sannan ta koma ta taya Bashiru ɗaure dashensa.