Hayaƙi a Gidan Kwali

"Riƙe shi da kyau mana, Noelene. Ba jariri ba ne, ba zai yi kuka ba," in ji Kawu Des, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ajiye ɗan gidan kwalin a kan teburin barandarsa. Ɗakinmu ne sak, ni da Mama: bango huɗu, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Ya kunna guntun maganin sauro ya tura ciki. Hayaƙin ya taru ya tsaya cak, kamar wanda ya manta inda za shi. Sai ya sa farce ya ɗaga wani ɗan murfi da ya yanka a bangon baya. Hayaƙin ya miƙe siriri ya fice, ya bi iska zuwa gonakin rake.

Desmond Farrugia maƙwabcinmu ne a garin Mackay na bakin teku, tsohon mai zanen gidaje. Gidansa na katako ne a kan dogayen ƙafafu, ko'ina taga, labule kullum cikin rawa. Namu na haya ne, na bulo. In zafi ya yi, Mama mai ciwon zuciya a daɓen banɗaki take kwanciya, don ya fi sanyi.

"Na ƙare ƙuruciyata ina zana wa masu hali gida ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Doka kuwa, 'yar nan, layi ɗaya za a rubuta, ta zana gida dubu."

Shekara da shekaru shi da ƙungiyarsu ta masu zane suna bin majalisar jiha a sa wannan layin, cewa duk ɗakin haya ya sami taga ta ɓangare biyu. Yanzu kwamitin majalisar zai zo garinmu jin ra'ayin jama'a ranar Alhamis, shi kuwa ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa.

'Yarsa Carmel, wadda ta zo jinya daga Townsville, ta leƙo da kofin shayi. "Baba, ko matakala ba za ka sauka ba. Kada ma ka fara."

"Kin ji shugabar majalisa," ya ce, ya juyo gare ni. "Ke za ki je."

"Ni, Kawu? A shago ma nuni nake yi da yatsa."

"Wa ya ce ki yi magana? Ki kunna, ki ɗaga murfi. Hayaƙi ya fi mu iya baki."

Ran Alhamis na shiga zauren taron ina jin kamar a cikin ruwa nake tafiya. Sanyin na'ura ya ratsa ni. Wani matashi daga ƙungiyar su Kawu ya yi dogon bayani, sannan aka kira sunan Kawu Des, na tashi a madadinsa. Ina fito da ashana mai gadi ya taso.

"Haba 'yar'uwa! So kike ƙararrawar gobara ta tashi, ruwa ya yi mana wanka?"

Aka yi dariya. Kawu Des bai tuna da wannan ba, mutumin da bai taɓa zama a rufaffen ɗaki ba. Na tsaya da kwali a hannu, idona ya cika, na rasa inda zan kalla.

Shugabar kwamitin, wata mai furfura, ta cire tabarau. "To, mu fita mana. Dama ƙafata ta yi sanyi."

A gindin mangwaron da ke wurin ajiye motoci suka kewaye ni, suna sassauta wuyan riga. Na kunna maganin sauron na tura ciki. Hayaƙin ya cika ɗakin ya tsaya.

"Taga ai ba kyauta ake fasa ta ba," in ji wani jibgegen ɗan majalisa yana share gumi. "Masu gidaje za su cinye mu ɗanye."

Na ɗaga murfin. Iskar teku ta zo a hankali, hayaƙin ya zare kamar zare ya wuce ta gefen kunnensa. Ya juya ya bi shi da kallo.

"Ɗakinmu ne," na ji bakina ya faɗa. "Mama a banɗaki take kwana."

Shugabar ta tambaya ko zan bar mata gidan ta tafi da shi Brisbane, babban birnin jihar. Na miƙa mata.

Da la'asar na tarar an fito da gadonsa baranda. Ya rame har ya zama kamar zane a kan farin zanen gado. Na ba shi labari tun daga kan mai gadi.

"Waje? Cikin rana?" Ya lumshe ido yana murmushi. "Rayuwata duka ban taɓa raba ɗan majalisa da kujerarsa ba. Wai ke ce mai kunya."

"Hayaƙi ne, Kawu."

"Ina gidana?"

"Ya tafi Brisbane."

"Ya riga ni tafiya ke nan," in ji shi, barci ya ɗauke shi.

Ran Asabar da hantsi Carmel ta tsallako shingenmu ba takalmi. "Noelene, Baba ya tafi." Ta ce ta tashi za ta rufe tagogi, sai ta kasa, ta bar su.

Bayan watanni layin ya shiga doka, amma ga sababbin gidaje kawai. Ɗakinmu yana nan da tagarsa ɗaya. Kafin Carmel ta koma ta ba ni makulli, wai gidan katako ba ya son zama a rufe, in riƙa buɗe shi yana shan iska.

Jiya zafi ya yi sosai, na riƙo Mama muka hau matakalar gidan Kawu Des a hankali. Ta kwanta a barandar, ban gama buɗe tagogin ba barci ya kwashe ta. Na kunna maganin sauro na ajiye kusa da ƙafarta. Hayaƙin ya shiga ta ƙofar falo, ya ratsa ɗakunan da ba kowa, ya fita ta baya wajen rake.