Layin Alli a Ƙofar Kicin

Har yau idan ina soya albasa, muryar Inna nake jira daga bayana: "Malama, ta ƙone."

Shekara goma sha tara Inna ta yi tana dafa wa ma'aikatan masaƙa abincin rana. Sai mutum tara suka kwanta da taifot cikin wata guda. Aka gwada ruwan famfo, lafiya lau. Aka gwada masu girki huɗu, ƙwayar cutar ta fito a gwajin bayan gidan Inna, ita da ko ciwon kai ba ta yi.

"Tun zazzaɓin da kika yi da ƙuruciya ta samu maɓoya a matsarmamarki," in ji likita. "Ke ba ta dame ki ba, amma tana bin hannu ta shiga abinci. Ba girki, ba rabo, ko a gida, sai gwaji uku sun fito fes a jere."

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan muka kamo hanyar gida.

Lokacin ina aji biyu a makarantar jinya, kuma na sha alwashin ba zan ƙare a gindin murhu ba. Ko ƙwai ban iya soyawa ba. Washegari da safe na tarar da Inna tana juya miya, sabo ya ja ta. Na sauke tukunyar na zubar a gabanta, na ɗauko alli na ja layi a ƙofar kicin.

"Ni za ki ja wa layi a gidana?"

"Ke fa, Inna."

Ta jawo kujerarta ta dasa a bayan layin, yatsun ƙafarta daf da allin. Daga nan ta yi mulki. Da hanci take gane mai ya yi zafi, da kunne take gane ruwan shinkafa ya tsotse. "Duk bokon nan, gishiri ya gagare ki? Yatsu uku, ba huɗu ba!" Mun ci ƙonanne, mun ci lami, tana ci tana yi mini tsiya, ina ramawa.

Waje ne babu daɗi. Maƙwabta suka daina aiko kwano. Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya da kofinta a jaka, ta ƙi miƙa hannu.

"Gwaggo, sabulu da ruwa ke kashe ta, ba gudun dangi ba," na ce. "Ga buta. Ki wanke hannu, ki gaisa da matar ƙaninki."

"Wannan yarinya bakinta ya fi almakashi," in ji ta. Amma ta wanke, ta gaisa.

Kwana ashirin da takwas Inna tana haɗiyar magani safe da yamma, ina tsaye a kanta. Na ware mata tawul, kullum ina wanke banɗaki da bilic. Gwajin farko ya fito fes. Na biyu ya dawo da ƙwayar. Ranar ta juya kujerarta ta fuskanci bango, na yi girki ba mai zagina, abincin ya ƙi shiga.

Likita ya ce akwai tsakuwa a matsarmamar, a jikinsu ƙwayar ke maƙalewa, sai an cire. Aka yi aiki. Tsakuwa biyar aka ba mu a kwalba. Inna ta girgiza su ta ce, "Shekara talatin kuna zaune ba ko sallama." Muka sake ƙirga gwaji daga ɗaya.

Wata bakwai layin ya yi, ina sabunta shi duk Asabar. Ranar da na kawo takardar gwaji ta uku, ita ma fes, ta sa na karanta mata sau biyu. Ta tashi ta wanke hannu har gwiwa, ta sa ƙafa ta murje allin, ta shiga. Ta ɗanɗana miyata, ta miƙa hannu wajen gishiri, sai ta fasa.

"Ya ji," ta ce. "Matsa ki ba ni wuri."

Na matsa. Ban san inda zan tsaya ba, sai na fita na zauna a kujerarta.