Layin Misbahu Yana Ƙonni

Taiba na sheƙar shinkafa a gidanta a Ruwan Gizo lokacin da Audu, ƙanen marigayi mijinta, ya shigo daga kasuwar Mafara, bai ko bari gaisuwa ta ƙare ba. Ya ce 'yan bindiga sun tare motar wake da ta taso daga Ƙonni ta Nijar, bayan ta wuce Illela, sun kashe mutane. Motar da ɗanta Misbahu ya saba biyowa ce, amma ba wanda ya san ko yana ciki.

Ta ajiye faifai, ta kwance wayarta daga bakin zane, ta kira shi. Wata mace ta amsa da Faransanci. Taiba ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta san muryar. Misbahu ya sha gaya mata cewa in ta ji wannan matar, to layinsa na hannun kamfanin Nijar, bai ƙetaro ba.

"Yaron nan na can," ta ce. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Bai shigo motar ba."

Audu ya karɓa ya saurara, shi ma ya yi hamdala.

Kwana da kwanaki tana kira, matar nan na amsawa. Maƙwabta suka zo jaje, ta sallame su. Sai wata safiya muryar ta sauya, ta koma ta gida, mai cewa ba a samun lambar. Taiba ta ce ai ya ƙetaro ke nan. Ta sa aka yanka zakara, ta tuƙa tuwo, ta share ɗakinsa. Har tuwon ya kwana ba a yi sallama ba.

Audu ya ɗauke ta a babur zuwa wurin Ishaku mai gyaran waya a Mafara. Ishaku ya ba ta benci, ya yi ta jujjuya wayar a hannu. Ya ce kamfanonin biyu na da na'urar da ke kai saƙo tsakaninsu. In waya ta ƙetara, na can su aiko cewa mutuminku na wurinmu, sai na gida su riƙa tura musu kira. In an kashe wayar yadda ya kamata, takan yi musu sallama. Amma in batir aka zare, ba sa sani, su yi ta zaton tana nan, har su gaji su aiko cewa ba su ganin ta.

"To wanne ne nawa?" in ji Taiba.

"Inna, ni daga nan ban iya sani."

Sai Audu ya faɗi abin da ita ba ta sani ba. Fataken hanyar nan tun a Ƙonni suke zare batir, su cusa wayar cikin buhu su ɗinke, don kada 'yan bindiga su same ta su kira iyali neman fansa.

"Shi ma yana yi?"

"Ni na koya mai, Yaya."

Mai motar ya zo bayan sati da buhunan da suka rage. Ya ce mutanen wani ƙauye ne suka yi wa Misbahu sutura tun ranar, tare da sauran. Taiba da kanta ta farke buhun da ke da alamarsa. Wayar na ƙulle a leda cikin wake, batirin a gefe. Da Audu ya mayar ya kunna, sai ta yi ta ƙara, saƙo na bin saƙo, duk sanarwar kiran da ba a amsa ba. Lamba ɗaya ce, tata.

Har yau kullum da hantsi takan saka hijabi ta kai wayar Misbahu wurin mai caji a bakin titi, ta zauna ta jira ta cika. An ce ta sayar, ta ƙi. Ta ce ba ta son kamfani ya sake rasa inda yake.